Gwajin Cututtukan Saduwa ga Tsofaffin Sojoji Masu Fama da Shaye-shaye: Nazari Daga Birnin Jos

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan kira tsofaffin sojoji da suna "mazan jiya", kuma a ranar 15 ga watan Janairun kowace shekara akan taru a manyan biranen Nijeriya domin tunawa da su. Sai dai da zarar an naɗe tutoci an watse, kowannensu kan koma gida da abin da ya taho da shi daga fagen fama. Wani ya taho da tabon harsashi, wanda kowa ke gani. Wani kuwa ya taho da abubuwa biyu da ba a gani, wato sabo da kayan maye, da kuma cutar da ya ɗauka ta hanyar saduwa, wadda sau da yawa shi kansa bai san yana ɗauke da ita ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dangantakar da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu, da dalilin da ya sa gwajin cututtukan saduwa ya zama tilas ga tsohon sojan da shaye-shaye ya kama. An zaɓi birnin Jos ne saboda ya haɗa abubuwa uku a wuri guda: babban sansanin soja, da daɗaɗɗen nazari a kan kayan maye, da manyan cibiyoyin kula da masu cutar karya-garkuwa. Za a nuna cewa jiran sai mutum ya ji ciwo kafin a gwada shi kuskure ne, kuma kalmomin da ake gayyatarsa da su zuwa gwajin suna da tasiri a kan amincewarsa ko ƙinsa.

2.0 Jos da Aikin Soja

Alaƙar Hausa da aikin soja tsohuwa ce. Tun a 1863 Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas wadda aka riƙa danganta ta da Hausawa, kuma daga ita ne akan faro tarihin sojan Nijeriya. A zamanin mulkin mallaka Hausa ce harshen hulɗa a barikoki, har aka sami wani karinta da ake kira Barikanci. Da wannan harshe ne dubban 'yan Arewa suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama ta nahiyar Asiya. Ita kanta kalmar "bariki" ta faɗaɗa a bakin Bahaushe, ta tashi daga ma'anar mazaunin soja ta koma nufin rayuwar holewa nesa da idon dangi, kamar yadda ake ji a "ɗan bariki" da "zaman bariki". Wannan sauyin ma'ana shaida ce ta irin kallon da jama'a suka daɗe suna yi wa rayuwar soja, ko da kuwa kallon bai dace da kowa ba.

A Jos ne hedikwatar Runduna ta Uku ta sojan ƙasa take, a barikin Rukuba. An sanya wa barikin sunan Birgediya Janar Maxwell Khobe, wanda ya jagoranci dakarun ECOMOG wajen ƙwato birnin Freetown na Saliyo a 1998, ya kuma rasu a watan Afrilun 2000. Dakarun ECOMOG sun fara sauka Laberiya ne a watan Agustan 1990, kuma sojojin Nijeriya ne suka fi yawa a cikinsu. Tun da shekara 35 ce iyakar wa'adin aiki, ke nan wanda ya shiga soja a 1990 ya cika wa'adinsa a 2025. Ma'ana, samarin da suka yi Laberiya da Saliyo su ne mazan jiyan yau. Ban da haka, rikice-rikicen da suka auku a Jos a 2001 da 2008 da 2010 sun sa an girke rundunar tsaro ta musamman a jihar Filato a 2010, abin da ya ƙara cuɗanyar soja da farar hula a birnin.

Shekarun ECOMOG sun zo daidai da lokacin da cutar karya-garkuwa ke bunƙasa a Nijeriya. An ba da rahoton samunta a karo na farko a 1986, kuma a 1987 rundunonin soja suka kafa nasu shirin yaƙi da ita. Gwajin mata masu juna biyu a asibitoci ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau zuwa kashi 5.8 a 2001. A 1999 wani babban likitan sojan Nijeriya ya gabatar da rahoto cewa yawan masu cutar a cikin dakarun da ke Saliyo yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewarsu a can, daga kashi 7 ga waɗanda suka shekara ɗaya zuwa kashi 15 ga waɗanda suka shekara uku. A watan Yulin 2000 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1308, inda ya ƙarfafa wa ƙasashe gwiwar yi wa dakarun kiyaye zaman lafiya gwaji bisa son ransu, tare da ɓoye sirrinsu.

Adalci ne a faɗi cewa al'amura sun gyaru daga baya. Binciken ƙasa a kan rukunonin da ke cikin haɗari ya sami kashi 3.1 a tsakanin sojoji a 2007, da kashi 2.5 a 2010, da kashi 1.5 a 2014. Amma waɗannan alƙaluma na masu kaki ne, waɗanda ke da likitan bataliya da kwamandan da ke sa musu ido. Ranar da mutum ya tuɓe kaki, ya fita daga wannan inuwa.

3.0 Shaye-shaye

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka fitar a farkon 2019 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da taba sigari. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi irin su tiramadol miliyan 4.6, masu shan maganin tari mai kodin miliyan 2.4, sannan kimanin mutum 80,000 suna tsira wa kansu allura. A 2018 ne gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. A Jos kuma, ban da waɗannan, akwai burkutu wadda ta daɗe a al'adun ƙabilun Filato, da ogogoro, da wata muguwar barasa da ake haɗawa a ɓoye mai suna goskolo.

Jos ta riga garuruwa da yawa lura da wannan matsala, domin a nan ne Isidore Obot, malamin nazarin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Jos, ya kafa cibiyar bincike a kan shaye-shaye mai suna CRISA a 1990, jim kaɗan bayan kafa hukumar NDLEA da doka ta 48 ta 1989.

Hanyoyin da soja kan faɗa wa shaye-shaye sanannu ne. Akwai ciwon jiki na rauni da ɗaukar kaya, wanda akan fara kashe shi da ƙwaya har jiki ya saba. Akwai neman kawar da barci da tsoro a bakin daga. Akwai kuma firgicin bayan yaƙi, inda mutum kan riƙa mafarkin abin da ya gani, ya zabura da ƙaramar ƙara, ya kasa barci sai ya sha wani abu. Idan aka ƙara da zaman kashe wando bayan ritaya da rabuwa da abokan aiki, sai kwalba ko ƙwaya ta zama abokiyar hira. Likitoci na ɗaukar wannan hali a matsayin cuta ne idan mutum ya kasa dainawa alhali yana ganin illar, kuma jikinsa na neman ƙari kullum.

4.0 Yadda Maye ke Buɗe wa Cuta Ƙofa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maye na tsaga bangon ne ta fuskoki huɗu.

Ta farko, yana gusar da hankali da kunya, har mutum ya kusanci wadda ba zai kusanta ba da yana cikin hayyacinsa, kuma ba tare da kwaroron roba ba. Ta biyu, wuraren da ake sayar da kayan maye galibi su ne wuraren da ake cinikin jiki, har wata kan ba da kanta a bakin ƙwaya. Ta uku, masu tsira allura kan yi karo-karo da sirinji ɗaya, wanda hanya ce miƙaƙƙiya ta shigar karya-garkuwa da ciwon hanta cikin jini. Binciken ƙasa na 2020 ya sami karya-garkuwa a jikin kashi 10.9 cikin ɗari na masu tsira allura, alhali ƙididdigar 2018 ta sami kashi 1.4 ne a tsakanin jama'a 'yan shekara 15 zuwa 49.

Fuska ta huɗu ita ce mafi ɓoyuwa, wato shaye-shaye kan zama mayafin da ke rufe alamun cuta. Idan mashayi ya rame, sai a ce giya ce. Idan idonsa ya yi ɗorawa, sai a ce shawara ce ta barasa. Idan ya fara mantuwa da sauyin hali, sai a ce wiwi ta taɓa shi, ko kuwa yaƙi ne. Alhali kuwa ramar na iya zama ta karya-garkuwa, ɗorawar idon ta ciwon hanta, mantuwar kuma ta tunjeren da ya hau ƙwaƙwalwa. Da iyali da ma'aikacin lafiya duk suna iya tsayawa a kan bayanin da ya fi kusa, su bar tambayar da ta kamata.

5.0 Cututtukan da Yadda ake Gwada Su

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowace rana fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke kamuwa da cutar saduwa mai warkewa, kuma mafi yawansu ba sa jin wata alama. Waɗanda suka fi shafar wannan bayani su ne kamar haka.

Karya-garkuwa: Mutum kan shekara da yawa yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ya kwanta ba. Ana gwada ta da ɗigon jini daga yatsa, sakamako ya fito cikin kimanin minti 20. Sai dai wannan gwaji na neman martanin jiki ne, wanda kan ɗauki kwana 23 zuwa 90 kafin ya bayyana. Saboda haka wanda ya shiga haɗari kwanan nan sai ya sake gwaji bayan wata uku. Tun daga 2016 ƙa'idar Nijeriya ita ce a ɗora mutum a kan magani da zarar an same shi da ita. Wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya shafa wa matarsa ta hanyar saduwa. Akwai kuma maganin kariya da ake farawa cikin awa 72 bayan haɗari.

Tunjere: Yakan fara da ƙurji marar zafi kimanin mako uku bayan kamuwa, ya warke da kansa, sai mai shi ya zaci ya rabu da shi. Daga baya ƙuraje kan fito har a tafin hannu da na ƙafa, su ma su baje. Daga nan sai ya kwanta shekaru, ya dawo ya taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Idan ya shiga jikin mace mai ciki yakan jawo ɓari ko haihuwar gawa. Gwajinsa na jini ne, kuma akwai tsinken gwaji guda da ke duba shi tare da karya-garkuwa. Allurar fenisilin na warkar da shi.

Gonoriya da kilamidiya: Su ne ke kawo zafin fitsari da fitar mugunya, amma kilamidiya ta fi zama shiru, musamman a jikin mata, inda takan toshe hanyar ƙwai ta hana haihuwa. Ingantaccen gwajinsu na fitsari ne, sai dai yana da tsada, don haka ƙananan asibitoci kan ba da magani ne bisa alamun da aka faɗa. Illar wannan tsari ita ce wanda ba shi da alama ba ya shiga lissafi. Haka kuma sayen kafso barkatai a kemis ya taimaka wajen sa gonoriya ta daina jin magunguna da yawa.

Ciwon hanta nau'in B da C: Ƙididdigar 2018 ta sami nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin ɗari na manya, nau'in C kuma kashi 1.1. Sai a 2004 aka shigar da rigakafin nau'in B cikin alluran yara a Nijeriya, ke nan mazan jiya duk an haife su kafin haka. Nau'in C ya fi bin jini, kuma ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Barasa na gaggauta lalacewar hantar da ɗayan waɗannan ya riga ya kama.

6.0 Abubuwan da ke Hana Gwaji

Matsalar Jos ba rashin wurin gwaji ba ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana cikin cibiyoyin farko da Gwamnatin Tarayya ta fara ba da maganin karya-garkuwa a 2002, kuma daga 2004 ya faɗaɗa aikin da tallafin Amurka ta hannun shirin APIN. Akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Jankwano, da asibitin Faith Alive wanda Dakta Chris Isichei ya kafa a 1996 domin marasa galihu. A 2005 kuma Ma'aikatar Tsaro ta ƙulla haɗin gwiwa da takwararta ta Amurka, aka buɗe cibiyoyin gwaji da magani a asibitocin soja, waɗanda har farar hula suke karɓa. Abin da ke hana tsohon soja zuwa ya fi alaƙa da abubuwa uku.

Na farko shi ne tarbiyyar soja. An horar da shi a kan juriya, kuma a idonsa zuwa asibiti ba tare da ciwo ba ragwanci ne. Na biyu shi ne tsoron tonon asiri ninki biyu. Mai shaye-shaye na gudun duk inda za a ɗebi jininsa ko fitsarinsa, domin yana zaton za a gano abin da yake sha a miƙa shi ga hukuma. Yana kuma gudun asibitin bariki, inda mai rubuta kati kan iya zama ɗan tsohon abokin aikinsa. Dokar hana tsangwamar masu karya-garkuwa ta 2014 ta haramta tona sirrin mutum ba da izininsa ba, amma doka ba ta amfanar wanda bai san da ita ba.

Na uku shi ne harshe, kuma shi ya fi shafar masu nazarin Hausa. A Jos Hausa ce ke haɗa Birom da Angas da Tarok da Afizere da sauransu, don haka da ita ake yawan bayanin lafiya. Kalmar "ciwon sanyi" ta zama buhun da ake zuba kowace cuta ta al'aura, da wadda ake ɗauka ta saduwa da wadda ba ita ba. Tun da an ce sanyi ne, sai a ɗora laifin a kan ruwan sanyi ko bayan gida, balle a gari mai sanyi irin Jos, a nemi jiƙo a wurin mai magani. Kalmar "ƙanjamau" kuwa ta samo asali ne daga ƙanjamewa, wato tana zana hoton ramammen mutum. Ƙaƙƙarfan tsohon kofur da ya dubi damtsensa sai ya ce wannan cuta ba tasa ba ce. Laƙabi irin "kabari kusa" ya ƙara muni, domin babu mai zuwa a auna masa kusancin kabarinsa. Wannan ne ya sa wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya ba da shawara a 2017 cewa a riƙa kiran ƙwayar cutar "karya-garkuwa", a bar "ƙanjamau" ga matakin ƙarshe na ciwon. Wannan kalma ta dace da soja ƙwarai, domin ya fi kowa sanin amfanin garkuwa, ya kuma san ana duba makami tun kafin ranar fita.

7.0 Hanyoyin Gyara

Akwai darasi daga Amurka, inda tsofaffin sojoji ke da ma'aikata da asibitocinsu na musamman. Binciken Lee Robins a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin da suka yi yaƙin Biyetnam sun kamu da jarabar heroyin a can, amma mafi yawansu ba su koma mata ba bayan sun dawo gida. Ke nan soja mashayi ba ɓatacce ba ne. A 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da shawarar a riƙa yi wa duk ɗan shekara 13 zuwa 64 da ya zo asibiti tayin gwajin karya-garkuwa, sai in shi ya ƙi. A 2009 asibitocin tsofaffin sojoji suka sauƙaƙa ƙa'idarsu, amincewar baki ta wadatar. Zuwa 2019 waɗannan asibitoci sun warkar da fiye da tsofaffin sojoji 100,000 daga ciwon hanta nau'in C. Hikimar tsarin ita ce gwajin da ake yi wa kowa ba ya nuna kowa da yatsa.

Bisa wannan, ana iya ba da shawarwari kamar haka. Na ɗaya, duk cibiyar da ke maganin shaye-shaye, ta gwamnati ko ta addini, ta sa gwajin karya-garkuwa da tunjere da ciwon hanta cikin abin da ake yi wa kowa tayinsa ranar da aka karɓe shi, a kuma maimaita a kalla sau ɗaya a shekara. Na biyu, a kai gwajin inda mazan jiya ke taruwa da kansu, kamar tarukan ƙungiyarsu ta tsofaffin sojoji da ranakun tantance 'yan fansho, a haɗa shi da awon hawan jini da na ciwon suga. Na uku, a horar da wasu daga cikinsu su zama masu jan hankali, domin tsohon saje ya fi jin maganar wanda suka kwana rami ɗaya. Na huɗu, a fayyace wa mutum tun farko cewa jinin da aka ɗiba na neman cuta ne, ba na neman ƙwaya ba. Na biyar, a taimaka masa wajen sanar da iyalinsa, musamman a gidan da ke da mata fiye da ɗaya. Dokar da jihar Kano ta kafa a 2024 ta wajabta gwaji kafin aure, amma ba ta kai ga auren da ya riga ya shekara ashirin ba.

Ya kamata kuma a gyara lafazin tayin. Tambayar "Kana neman mata?" zargi ce, kuma amsarta kullum "A'a" ce. Amma idan ma'aikaci ya ce, "Baba, duk wanda ya zo nan muna duba masa jini domin a san lafiyar garkuwarsa da hantarsa, kuma sakamakon tsakanina da kai ne," ya bar wa dattijo girmansa, ya kuma buɗe masa hanyar amincewa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda aikin soja da shaye-shaye da cututtukan saduwa suke sarƙe da juna, da yadda kowannensu ke koya wa mutum yin shiru: cutar ba ta nuna alama, mashayi na ɓoye halinsa, soja kuma ya saba da haɗiye ciwo. Saboda haka tsarin da ke jiran mutum ya kawo kansa ba zai riski wannan rukuni ba, sai an tare su a ƙofar da suka riga suka shigo. Yawancin waɗannan cututtuka suna warkewa, sauran kuma ana danne su da magani, amma duk sai an san da su tukuna. Abin da ke cikin haɗari bai tsaya ga tsohon sojan kaɗai ba, ya haɗa da matar da ta yi jiransa shekarun Laberiya da Saliyo, da jaririn da amaryarsa ke ɗauke da shi. Aikin likita ne ya tanadi tsinken gwaji, aikin masana harshe kuwa shi ne su tanadi kalmomin da za su sa dattijo ya miƙa yatsansa ba tare da ya ji an ci masa mutunci ba.